Ranar da Ɗan Faifai Ya Manne Mini a Ido a Hanyar Argungu

Gwadangaji, bayan sahur

Azumin farko ne bayan an ba mu jiha, lokacin da Birnin Kebbi ta cika maƙil da ma'aikatan da aka sauko da su daga Sakkwato, kowa yana farautar ɗakin haya. Ni ma ina cikinsu. Malamin sakandare ne ni, na samu ɗaki biyu a Gwadangaji, ni da matata Hauwa'u da yaranmu biyu. Ranar nan zan tafi Argungu in kai wa surukaina sukari da gero, gaisuwar azumi kamar yadda aka saba.

Sai na fara gaya muku halin da idona na dama yake ciki, in ba haka ba za ku ce wannan mutum ya cika raki. Karan gero ne ya soke ni a gona, farar yana ta rufe idon, aka yi mini aiki a wani asibitin ido a Kano. Likita ya ce tabarau irin na fuska ba zai yi mini ba, tun da ido ɗaya aka yi wa aiki, zan riƙa ganin abu biyu-biyu. Sai aka aiko mini daga waje da wani tabarau mai laushi wanda ake ɗorawa a kan baƙin ido. Bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, ga shi shara-shara kamar ɓawon albasa. Hauwa'u ce ta sa masa suna ɗan faifai, sunan ya bi shi. In yana ciki, ina gani garau. In babu shi, idon hazo kawai yake gani, ya kuma karkace gefe abinsa.

Sai dai likitan ya ja mini kunne. Ya ce idona ba shi da wadatar hawaye, dole in riƙa ɗiga masa ruwan magani a kai a kai. Ya ce in na bari ɗan faifan ya bushe zai manne, in kuwa na fizge shi a haka zai taho da fatar baƙin idon, aikin Kano ya tashi a banza.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk sanda na ɗiga maganin nan sai in ji gishiri-gishirinsa a maƙoshi. Surukina kuwa malami ne, a gabansa na durƙusa na yi karatun fiƙihu tun ban san zai ba ni 'yarsa ba, kuma daga bakinsa na ji cewa abin da aka sa a ido da rana, in ɗanɗanonsa ya kai maƙoshi, azumin ranar ya tafi. Ni kuwa tun da na balaga ban taɓa shan azumi ba, ina kuma alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata. Shi ya sa tun da wata ya tsaya na bar ɗan faifai cikin 'yar kwalbarsa, ba na sa shi sai an sha ruwa.

Amma ranar nan na wanke hannu na sa shi, na ɗiga magani tun alfijir bai keto ba. Rabon mutanen Argungu da ni tun idon yana fari fat, lokacin da ƙannen Hauwa'u suka zo dubiya suna yi mata jaje kamar rabina ya mutu. So nake su gan ni da ido biyu.

Hauwa'u ta dube ni ta ce, "Malam, da azumi a bakinka? Zahin ga na bazara hwa ba wasa ba ne."

Na ce, "Haba, Argungu ce Makka? Kahin rana ta yi tsini na isa, na gaisa da kowa, na hidda shi."

"Tau, Allah shi kai ka lahiya. Amma in ka dawo mini da ido ɗaya, kar ka ce ban hwaɗi ba."

Na saka kwalbar maganin da ta ɗan faifan a aljihun gaba, na yi sallar asuba, na tari ɗan kabu-kabu, ya ɗaure buhuna a baya muka nufi tasha.

Tasha

Ni na fara zuwa, saboda haka na kama gidan gaba na wata tsohuwar tasi, na harɗe ƙafa ina jin kaina. Direban wani baƙi ne siriri, Ɗan Ige ake ce masa, ya rantse mini yanzun nan za a cika. Wayyo yanzun nan ɗin direba! Da azumi kowa ya yi sahur ya koma barci. Rana ta fito, ta ɗago, ta fara duka, mu uku ne rak a mota. Ba mu cika ba sai wajen ƙarfe goma.

Tun a nan na fara jin idon yana ɗan ƙaiƙayi. Da ina da wayo sai in nemi ruwa mai tsabta in wanke hannu in cire shi tun yana motsi. Amma na ce in na cire shi a nan, ina zan tsaya in mayar? Girman kai rawanin tsiya, na ƙifta ido na bar shi a ciki.

Sai da muka hau titi na gane dalilin da babu wanda ya yi mini gardamar gidan gaba. Tagar ba ta da gilashi. Na ce, "Direba, ina gilashin wagga taga?"

Ya ce, "Malam, shina gida, na aje shi sai damina."

Daga Ambursa zuwa Alwasa

Iskar nan ta shigo kamar an buɗe bakin tanda, kuma daidai idon dama take sauka. Na kare da hannu, na kare da hula, na juya wa taga ƙeya har wuyana ya ƙage. Kafin mu wuce Ambursa na fara jin kamar an zuba mini tsakuwa a ƙarƙashin fatar ido. Da muka tsaya a shingen 'yan sanda, wanda ya leƙo ya duba takardu ya kalle ni ya ce, "Malam, sannu da ciwon ido," ya matsa baya da sauri, don ya zaci irin mai yaɗuwa ne.

A bayana akwai wata dattijuwa mai fataucin albasa, za ta koma Augie. Ita ce ta taɓa kujerata ta ce, "Ɗan nan, mi as samu idonka kake ta mutsu-mutsu?"

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Wani ya ce, "Gilashi cikin ido? La'ilaha illallahu, Nasara bai bar komi ba."

Dattijuwar ta ce, "In hawaye kaka nema, ai ka zo gidansu." Ta zaro albasa jajawur daga ƙullinta, ta ɓare ta da farce, ta miƙo mini har ƙarƙashin hanci. Jama'a, albasar Augie ba ta san wasa ba. Idona na hagu ya ɓalle da ruwa shaaa, na bayana suka hau atishawa, ita kanta tana share fuska da gefen mayafi. Idon da ake yi dominsa kuwa, ɗan faifai ya rufe shi ruf, da ƙyar ya ɗan yi raɓa. Ɗan Ige ya daki sitiyari ya ce, "Inna, don Allah maida abin ga! Ni ka tuƙi, in na daina gani mu duka mun huta da ciwon ido!"

Muka yi dariya, har da ni, amma tawa ta ciki na ciki ce.

Muna dab da Alwasa motar ta fara tururi, ta yi tari biyu ta tsaya. Ɗan Ige ya ɗauki galan ya nufi gari neman ruwa, mu kuma muka rarrafa gindin wata bishiyar bedi, wato dalbejiya. A nan hankalina ya tashi da gaske. Na sa yatsa a hankali na taɓa ɗan faifan ta kan fatar ido, in ji ko zai gusa kamar yadda ya saba. Ko gezau. Ya manne.

Na fito da kwalbar maganin na riƙe a hannu. Ɗigo biyu kawai, in huta. Na buɗe murfin, na tuna muryar Malam surukina a zaure yana karanta mana hukuncin, na tuna gidansa zan shiga in zauna a yi buɗa-baki da ni kamar mai azumi. Na mayar da murfin. Gaba kura, baya sayaki. Wallahi tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da za a shiga da ni ɗakin aiki a Kano.

Ɗan Ige da ya dawo ya ga kwalbar a hannuna ya ce, "Malam, ka wuce da mu Augie mana, tahiya ta yi nisa ka zama matahiyi, ka sha abinka."

Na ce, "Ba haka aka yi ba, niyya tun daga gida ake yin ta."

Ya ce, "Tau, ku malamai kun hi mu sanin hanyar wahala."

A nan azahar ta same mu. Na yi alwala da ragowar ruwan galan, idon a runtse gam, don an hana ni barin ruwan rijiya ya taɓa ɗan faifai. Dattijuwar nan, Allah ya saka mata, ta ce in dawo baya ita ta koma gaba, ta rufe fuska da mayafi ta sha iskar a madadina har Argungu.

Argungu

Mun shiga gari ana shirin la'asar. Na hau kabu-kabu ido ɗaya a rufe, na sauka ƙofar gidan surukaina. Malam yana zaure da ɗalibansa, na durƙusa daga nesa na yi gaisuwa kai a sunkuye. Ranar ce kunyar suruki ta yi mini rana, don ba wanda zai ce me ya sa ban ɗago ba. Na shige cikin gida wajen Inna, mahaifiyar Hauwa'u.

Ita kam ba a ɓoye mata. Ina ajiye buhu ta ce, "Subhanallahi! Umaru, wane irin ja ne wanga? Ba an ce an gyara idon ba?"

Na ce, "Iska ce, Inna, ba komi."

Ta yafa mayafi ta leƙa zaure. Ƙannen Hauwa'u da na sha wannan wahala don su gan ni da ido biyu, ga su tsaye suna kallona da ɗaya a kumbure yana ja kamar gauta. Ban gama jin kunyar wannan ba aka ce Malam yana kira, ba a zaure ba, a ɗakinsa.

Na shiga na zauna a bakin ƙofa. Ya ce, "Matso. Ɗago kanka."

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa kallon fuskarsa kai tsaye ba. Na ɗago. Ya karkato da kansa gefe yana dubana, ya ce in gaya masa komai. Na faɗa masa tun daga Kano har gindin bedi.

"Ina maganin?"

"Shina aljihu, Allah gafarta Malam."

"Mi ah hana ka ɗigawa?"

Na ce, "Ku kunka karantar da mu, abin da ya kai maƙoshi ta ido shina ɓata azumi. Ni kuwa ina jin shi a maƙoshi."

Malam ya miƙa hannu ƙarƙashin buzunsa ya ɗauko wata 'yar kwalba, kusan irin tawa. Ya cire rawani ya ajiye, ya ɗaga kai sama, ya ɗiga a idonsa na dama, rana ba ta faɗi ba, da azumi, a gabana. Nan take ya runtse ido ya sa ɗan yatsa ya danne lungun idon, nan jikin karan hanci. Ni dai baki buɗe nake kallonsa.

Da ya ɗauke yatsan ya ce, "Nan wurin akwai 'yar hanya da ke kai ruwan ido cikin hanci, daga nan shi gangara maƙoshi. In ka toshe ta, magani shina tsayawa inda anka sa shi. Likitan da ke duba ni a Sakkwato ya nuna mini, don maganin shi daɗe cikin ido. Na gwada na ga ba ya kai maƙoshi, na ce alhamdu lillahi, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Je ka wanke hannu da sabulu ka zo ka kwanta nan."

Ni, in kwanta a buzun surukina! Amma wuya ba ta san kunya ba. Na wanko hannu na kwanta rigingine, na ɗiga, na danne inda ya nuna. Ya ce, "Yi ta salati har in ce ya isa."

Sanyin da ya ratsa idon nan, ban san da me zan kwatanta muku shi ba. Ruwan bai gudu ba kamar yadda ya saba, ya tsaya ya kwanta a kan idon. Da ya ce ya isa, sai ya tambaye ni, "Haɗiye yawu. Ka ji wani abu?"

Na haɗiye. Na sake haɗiyewa. Na ce, "Babu, Malam."

"Ƙara."

Na ƙara, na jira, na sake ƙarawa. Ya hana ni gaggawa, ya ce abin da ya yini yana bushewa ba ya jiƙa da ɗigo ɗaya. Can na ƙifta ido sai na ji ɗan faifai ya motsa. Na tura shi gefe da yatsa a hankali, ya biyo salin-alin, na tsame shi na jefa cikin ruwansa. Na duba shi a hasken taga, bai yage ba. Idon yana zafi, amma ba irin zafin yanka ba. Sai ga hawaye, na gaske, daga ido biyun, ban san sanda na ce "Alhamdu lillahi" da ƙarfi har Inna ta amsa daga tsakar gida ba.

Malam ya bari na natsu, sannan ya ce, "Umaru, karatun da na ba ku gaskiya ne, amma rabi kaɗai ka riƙe. Ko da ya kai maƙoshin, mi ak kanka? Ranko. Yini ɗaya, bayan Salla ka rama. Azumi ana rama shi. Ido wa zai rama maka?"

Na sunkuyar da kai. Ya ce, "A'a, dube ni." Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na dama, wanda ya ɗiga wa magani. "Yanzu ban ganin ka. Ko inuwarka."

Na dubi idonsa na hagu. Lafiyayye a gani, baƙinsa baƙi, farinsa fari.

Ya ce hawan jinin ido ne. An ba shi magani tun shekarun baya, aka ce kada ya tsallake lokaci. Da azumi ya zo sai ya riƙa barin na rana, yana cewa wata ɗaya ba zai yi komai ba. Ya yi haka, ya sake yi wata shekarar, ganin ya riƙa tsukewa daga gefe har ya rufe. "Ba ciwo, ba ja, ba wanda ya sani sai Innarku. Naka ya yi maka kirki da ya yi ihu." Ya ce likita ya tabbatar masa na daman zai tsaya in ya riƙe magani, kuma ya riƙe.

Da aka kira magariba muka buɗe baki tare a zaure, dabino da kunun tsamiya da ƙosai, daga baya Inna ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kifi. Malam da kansa ya riƙa tura mini kwanon ruwa, yana cewa mai busasshen ido ba ya wasa da ruwa tsakanin magariba da sahur. Azumina yana nan, idona yana nan. Ban taɓa cin tuwo mai daɗin na ranar ba.

Komawa

Washegari na bar ɗan faifai ya huta a kwalbarsa, idon ma ya huta. Jan ya ragu sosai. Da na je sallama, Malam ya ba ni saƙo zuwa ga Hauwa'u, ya kuma ce daga yau zai riƙa haɗa wa ɗalibansa da zancen yatsa da zancen ranko duk sanda aka zo wannan babi.

A tasha na samu mota mai gilashi, na shige tsakiyar kujerar baya inda iska ba ta kai. Da muka wuce Alwasa na ji idon ya fara bushewa, ban jira ya yi ƙara ba, na ɗaga kai na ɗiga na danne. Wani mai jar hula kusa da ni ya ce, "Malam, azumi hwa ake."

Na ce masa, yatsa a lungun ido, "Na sani. Malamina ya koya mini."

Kafin azahar na sauka a Birnin Kebbi, kabu-kabu ya kai ni Gwadangaji. Hauwa'u ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske. Ta duba, ta duba, ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce, "Ya yi ja. Amma biyu ne. Ka ci sa'a." Daga baya da na je Sakkwato aka duba, aka ce baƙin idon bai ko ƙarzu ba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa dattijuwar Augie da ban ko tambayi sunanta ba, da Ɗan Ige duk da tagarsa.

Da na zauna na sha iska, Hauwa'u ta ce, "Ya ka baro su Baba?"

Na gaya mata duka, ban rage ba, don shi ya ce in faɗa. Ta zauna a bakin gado tana murza gefen zanenta. Sannan na isar da saƙon: ya ce bayan Salla ta kai masa yaran, kuma in sun shiga gaishe shi ta zaunar da su ta hannun damansa.

Ta tashi ta jawo akwatin kayan yaran daga ƙarƙashin gado. Na ce, "Hauwa'u, bayan Salla ya ce."

Ta ce, "Na ji. Gobe za mu."